Jan Ɗigo a Katin Mai Tsire

Duk damina sai an aiko mana su. Takarda ce kawai za ta iso daga manyanmu na Sakkwato, cewa ga ɗaliban likita biyu daga Turai za su yi mako shida tare da mu, a ba su cikakken haɗin kai. Kananzirin firjin allurar rigakafi sai mun rubuta takarda uku kafin ya zo, amma ɗalibai ba mu taɓa roƙo ba, ba a kuma taɓa tambayarmu ko muna da wurin ajiye su ba.

A lokacin ni ne malamin asibiti a wani ƙaramin asibiti a Illela, shekarata goma sha huɗu ina aikin. Wannan a tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin da soja suka rufe kan iyaka. Ba mu da likita zaunanne. Likita yana zuwa daga Sakkwato sau ɗaya a wata, in motarsa ta yarda. Sauran kwanakin ni ne, sai wata dattijuwar ungozoma da kowa ke kira Inna, har ni.

In baƙin nan za su zo, ni zan kwashe kayana daga ɗakin da ba ya yoyo in bar musu. Inna ta dinga tafasa ruwa tana tacewa, tana yi musu miya ba barkono, tana tsaki. Duk wannan ba ya damuna, baƙo ne, haƙƙinsa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar da yaro ya sauka daga mota, bai san kalmar zazzaɓi ba, gari ya fara kiransa Likita. Ni kuwa da na ɗinke rabin ƙafafun masu baburan garin nan, ina nan a Malam. Mace za ta tsallake teburina ta miƙa wa Bature ɗanta, Baturen ya juyo ya tambaye ni me take cewa, in faɗa masa, ya tambaye ni me muke bayarwa, in faɗa masa, in tashi in ƙirga ƙwayar in naɗe, ita kuma ta durƙusa ta yi masa godiya.

Ba zan ce mugaye ba ne, Allah yana gani. Akwai wadda ta taɓa wanke gyambon da ni kaina sai na toshe hanci. Amma kusan dukansu da ɗan littafi suke zuwa a aljihu, kuma tambayarsu iri ɗaya ce: me ya sa ba ku yin kaza? Me ya sa ba ku auna jini? Me ya sa kuke dafa sirinji ku sake amfani da shi? A shekarun nan duka ban tuna wanda ya ce mini, Malam, me ya sa kake yin abin nan yadda kake yinsa ba.

A bayan asibitin akwai wata babbar darbejiya. Nan ake ba kutare magani duk ranar Alhamis, kuma hanyar kasuwa ta gefen itacen ta bi. Duk wanda aka gani zaune a ƙarƙashinta, magana ta ƙare, kafin azahar an sani har Kalmalo. Saboda haka wanda ya ga tabon farko a jikinsa ba ya zuwa. Sai ya ɓoye, ya sha saiwa, ya shafa toka, har yatsu su fara tafiya, sannan a kawo shi lokacin da ba abin da zan iya mayar masa. Alhali ciwon nan in an kama shi da wuri, 'yar farar ƙwaya ce ake sha kullum, mutum ya mutu da yatsunsa goma.

Da na gaji da ganin haka sai na ɓullo da dabarata. Wanda ya zo da wuri ba na tura shi gindin itace. Katin kowa da kowa nake ba shi, in rubuta ciwon baya, in sa ɗan jan ɗigo a kusurwar katin ta ƙasa. Ya bi layi da jama'a, in naɗe masa ƙwayarsa a takarda kamar ta kowa. Sunan ciwon na gaskiya yana cikin wani littafi a aljihun teburina, makullin yana wuyana. Likitan Sakkwato ya sani, shi yake duba su in ya zo, a ɗaki, ƙofa rufe. Ni da shi da Inna, ba na huɗu.

Cikin masu jan ɗigon akwai wani mai tsire. A bakin tashar mota yake kafa tukubarsa, kusa da inda 'yan canji ke zama da sefa. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, mutum mai barkwanci, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ya zo mini wata rana da azahar, ya jira har kowa ya watse, ya shigo ya tura ƙofa da kansa. Ya nuna mini ƙaramin yatsansa na hagu da ƙuna. Ya ce wuta ta ci shi bai ji ba, sai da ya ji ƙauri. Sannan ya ɗaga riga, ga wani tabo mai haske a ƙasan kafaɗarsa, faɗinsa kamar tafin hannu. Na ce ya rufe ido, na shafa auduga a wurin. Bai ji komai ba.

"Mi ka gani, Malam?"

Na faɗa masa. Ya zauna a ƙasa, ba a benci ba.

"Da wanga hannu nike ci da gidana," ya ce. "In anka ji, ko kare ba ya cin namana."

Na ce ba mai ji. Na ce masa ya zo da wuri, irin nasa kuma ba ya saurin kama wani, balle in ya riƙe magani. Ya sa na rantse, na rantse. Ban saba rantse wa majinyaci ba, amma ranar na yi.

Shekara ɗaya da rabi bai taɓa fashi ba. Duk Lahadin farkon wata, ranar kasuwa, zai shigo layi yana dafe da ƙugu yana nishi kamar wanda ya ɗauki buhun gero daga Tozai a ƙasa. Har nakan ce masa a hankali, "Maigida, rage nishin nan, ka fi masu ciwon bayan gaskiya iyawa." Ya ce, "Aikin ƙwarai nike yi maka, Malam." Tabon ya dushe, ƙunar ba ta sake faruwa ba, likita ya duba ya ce ba wani haɗari ga masu cin namansa. Ni kaina duk yammar Lahadi a tukubarsa nake tsayawa in ci tsinke biyu.

Daminar da nake magana, mace da namiji aka aiko. Macen ta maƙale wa Inna a ɗakin haihuwa, ba ta dame ni ba. Namijin dogo ne mai jan gemu, da kyamara a wuya, da wani littafi mai hotunan cututtukan ƙasashe masu zafi wanda ya kusa haddacewa. Yana da ƙwazo, ba zan hana shi wannan ba. Ya rubuta kalmomin Hausa a bayan littafinsa yana bita, ciwon kai, gudawa, tari, har da waɗanda ban san inda ya samo su ba. Amma mako uku ya yi yana gyara mini aiki. In na ba da magani ya buɗe littafi. In na ɗaure rauni ya karkata kai. Na cika na batse, ina dai haɗiyewa saboda takardar Sakkwato.

Ranar Lahadi ce, hadari ya haɗo, layi har bakin ƙofar shinge, yawanci mata da yara masu zazzaɓi. Sai ga wani an kawo a kafaɗa, mai babur ne, ya faɗi a hanyar daji da masu babur ke bi tun da aka rufe iyaka, ƙarfe ya tsarge masa ƙwauri. Dole in shiga ɗakin baya in yi ɗinki. Na ce wa ɗalibin ya zauna a teburina ya auna zafin yara kawai, duk wani babba ya ce ya jira ni. Da Turanci na faɗa, sau biyu, ya ce ya ji.

Abin da ya faru bayan na shiga, Inna ce ta ba ni labari daga baya. Layi ya kawo kan mai tsire. Ya miƙa kati yana nishinsa. Ɗalibin ya duba ya ga ciwon baya, ciwon baya, ciwon baya, wata goma sha takwas a jere. To an koya masa cewa mai ciwon baya a duba bayansa. Ya yi masa alama ya ɗaga riga. Mutumin ya ƙi, ya nuna ɗakin da nake. Amma Bature ne, Likita ne, ya kama shi da fara'a ya ɗaga da kansa. Ɗakin da duhu saboda hadari, sai ya ja hannunsa zuwa baranda inda haske yake, inda kuma layin yake. Ya ga tabon. Ya ɗauko auduga ya yi gwajin da na yi, a gaban mutum ya fi hamsin. Ya laluba jijiyar gwiwar hannunsa. Ya ƙwala wa abokiyarsa kira ta zo ta gani. Ya ɗauki hoto. Sannan ya dafa kafaɗar mutumin, don ya kwantar masa da hankali wai, ya faɗi kalmar da ya haddace a bayan littafinsa, ya ƙara da cewa akwai magani.

Ni dai ina ɗinki na ji baranda ta yi ɗif. Wurin da yara talatin ke kuka ba ya yin shiru haka kawai. Sai Inna ta leƙo.

"Malam, aje allurar nan ka hito."

Na fito da jini a hannu. Ɗalibin ya taho gare ni fuskarsa tana walƙiya, yana cewa ya gano abin da aka yi shekara ɗaya da rabi ana kuskurewa, ba ciwon baya ba ne sam. Bayansa na hango wata mata tana janye ɗanta daga kusa da mai tsire. Wani direban Konni, wanda na sha ganinsa a tukubar, ya juya ya tofar da yawu ya goge baki da hannun riga. Mai tsiren yana sauke rigarsa a hankali. Bai dubi Baturen ba ko sau ɗaya, ni ya duba.

"Malam, kai ka ce ba mai ji."

Na ɗaga murya na yi ƙarya. Na ce jama'a, yaron nan ɗalibi ne, koyo ya zo yi, bai san fatar baƙin mutum ba, wannan ƙyasbi ne, ni na san mutumin nan shekara da shekaru. Na faɗa na maimaita. Suna kallona kamar mai tallar maganin ƙarya a kasuwa. Wata tsohuwa ta ce, ba da mugunta ba, "To Malam, Likita ya faɗi." Shekara goma sha huɗu ina yi musu aiki, na je musu barkar haihuwa da gaisuwar mutuwa, amma a ranar maganata ba ta kai ta yaron da ya zo mako uku da suka wuce ba. Mai tsiren ya ɗauki katinsa daga kan tebur ya fita, bai karɓi ƙwayar watan ba.

Na koma na ƙarasa ɗinkin, don ba a barin mutum da ƙwauri buɗe. Sannan na ja ɗalibin cikin ɗaki na rufe ƙofa. Na ciro makulli daga wuyana, na buɗe aljihun tebur, na ajiye masa littafin a gabansa. Ga sunan ciwon, ga ranar da aka fara magani, ga sa hannun likita wata bayan wata. Na nuna masa jan ɗigon a kan wasu katunan. Fuskarsa ta koma kamar an zuba mata farar ƙasa.

Ya ce me ya sa ban gaya masa ba. Kafin in amsa ya ce kuma rubuta abin da ba shi ba a kati kuskure ne, ciwon nan ba abin kunya ba ne, abin da ya kamata shi ne a wayar wa mutane da kai. Wallahi da ba don Inna ta turo ƙofa ba, ban san abin da hannuna zai yi ba. Na ce masa to bismillah, ga tasha can, ya je ya wayar musu da kai su sayi nama. Na ce kai saura mako uku ka hau jirgi, shi mutumin nan a garin nan zai kwana, a nan zai aurar da 'ya'yansa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Amma tambayarsa ta farko ta tsaya mini a rai har yau, don tana da gaskiya. Me ya sa ban gaya masa ba? Na ce wa kaina sirrin majinyaci ne, ba na raba shi da baƙon mako shida. Hakan ne. Sai dai akwai wani dalilin. Na ji tsoron ya rubuta a ɗan littafinsa cewa a Illela ana ƙarya a kati, maganar ta je inda ban sani ba. Kuma na gaji da yaron, ba na son ba shi wani abu nawa ya karkata kai a kansa. Na bar shi a teburina da katunan da bai san karatunsu ba. Wannan kason nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Da la'asar na tafi tasha. Mai tsiren ya kafa tukuba, ya jera tsinkaye kewaye da wuta kamar kullum, ranar kasuwa, mutane ko'ina, amma gabansa fili kamar an share. Na tsaya a inda kowa zai gan ni na ce ya ba ni biyar. Na ci a tsaye, ina taunawa ina gaisawa da masu wucewa da ƙarfi. Na ce ya ƙara biyar. Na ci har cikina ya ɗaure. 'Yan canji suna kallona suna kau da kai. Na tura masa ƙullin ƙwayarsa a ƙarƙashin takardar yaji, ya ɗauka.

Kwana uku yana fitowa yana komawa da namansa. A rana ta huɗu manyan mahauta suka ce masa ya ɗan dakata har magana ta lafa. Matarsa tana sayar da fura a gida, ita ma aka daina aikowa. Kafin wata Lahadin na je gidansa na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabci ya ce sun bi ta daji da asuba, sun tafi wurin dangin uwarsa a wani ƙauye bayan Konni, a tsallaken iyaka, bai san sunan ƙauyen ba, ko ya sani bai faɗa ba. Iyaka a rufe, ni ma'aikacin gwamnati, ba ni da ikon bin sa. Sau biyu ina ba mai babur ƙullin magani ya nemo shi, sau biyu ana dawo mini da shi.

Ɗalibin ya roƙe ni in kai shi ya ba da haƙuri. Na kai shi ya ga kwaɗon. Ya tsaya ya yi hawaye, na gaske, na gani. Ban lallashe shi ba. Sauran kwanakinsa bai ƙara buɗe littafi a gabana ba, kuma ranar tafiya ya ba ni abin sauraren ƙirjinsa kyauta. Na rubuta wa manyanmu abin da ya faru, na ce ko dai a daina aiko su, ko a bar ni in faɗi abin da za su taɓa da wanda ba za su taɓa ba. Amsar da ta zo ita ce a ƙara haƙuri da baƙi, suna kawo wa jiha mutunci.

Bayan wasu watanni wasiƙa ta zo daga Turai, da kwafin rahoton da ɗalibin ya rubuta wa makarantarsu. Bai ɓoye laifinsa ba, ya rubuta komai, har ya yabe ni. Ya ce zamansa a Illela ya koya masa darasin da ba zai manta ba, ya mayar da shi likita mai sauraro. A shafi na uku ga hoton bayan mai tsire, rigarsa a tattare a wuya, gefen fuskarsa ya fito sarai, ga matan layi a baya suna kallo. Na karanta ina jin zuciyata tana tafasa. Ya koyi darasi, madalla. Ni dai ban san cewa makaranta muka buɗe ba, kuma ba wanda ya tambayi mutumin ko ya yarda a yi karatu a bayansa. Na cire shafin na sa a murhun Inna.

Damina ta sake zagayowa, aka aiko wasu biyu. Tun ranar farko na zaunar da su, na ce a nan ba a ɗaga rigar kowa sai ina tsaye, kyamara kuma ta zauna a jaka. Suka rubuta a rahotonsu cewa malamin asibitin yana da wuyar sha'ani. Na ji daɗin wannan shaidar.

An buɗe iyaka, shekaru suka wuce, huɗu ko kusan haka. Wata Alhamis na fito da akwatin magani zuwa gindin darbejiya, ina bin mutanen ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen layi akwai wani da ban saba gani ba, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, hannayensa cikin riga. Na ce sabo ne? Ya ce, "Tsoho ne, Malam." Muryar na gane.

Ya fito da hannayen. Na hagu saura babban yatsa da rabin manuni. Na dama yatsun suna nan amma sun lanƙwashe sun ƙage. Da su biyun ya haɗa ya zaro wani abu daga aljihu, kamar mai ɗaukar garwashi. Katinsa ne, ya yi laushi don tsufa, ciwon baya sau goma sha takwas da rubutuna, jan ɗigon yana nan a kusurwa.

Na tsuguna a gabansa. Na tambayi iyalinsa, ya ce lafiya lau, matar tana wurin iyayenta da ƙananan. Na fara cewa na aika, na nema, sai ya girgiza kai.

"Na sani, Malam. Ni na ce a ce ba a gan ni ba. Yanzu dai ka ba ni kati irin na waɗanga. Ba sauran abin ɓoyo."

Na rubuta masa sabon kati da sunan ciwon. Na ƙirga ƙwayoyin na naɗe su a takarda, na murɗe bakin kamar yadda na saba yi masa, na sa a tafinsa. Ya ce zai sha ta yau tun a nan. Ya yi ta juya ƙullin tsakanin hannayensa, ya kai baki zai ja da haƙori. Mutumin da a da yake yanka nama siriri kamar takarda, yana hira bai ko duba wuƙar. Na karɓa na warware masa.